Kwalbatin Bature ya gyara mana manhaja

Jiya a taron gyaran manhajar injiniya, shugaban sashenmu ya ce kai ɗalibai ƙauye ɓata lokaci ne. Sai na ba shi labarin kakana.

Zamanin Turawa, wani Bature ya zo gina kwalbati tsakanin Kankiya da Kusada. Kakana, manomin Kafinsoli, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba nan ruwa ke bi ba."

Bature ya ce, "Taswira ta ce nan ne."

"To, ruwanmu dai bai yi boko ba."

Da damina ruwa ya cinye hanya, ya bar kwalbati a bushe.

Shugaban sashenmu ya yi dariya, ya sa hannu a kan shirin kai ɗalibai ƙauye. Bana sai ɗalibanmu sun tambayi manoma kafin su zana taswirar aiki.

Ku fa, wane tsoho ya taɓa kayar muku da littafi?