Ranar da Lauyoyi Suka Kwashe Kwatar Inna Mai Wanki

Inna Mai Wanki ba ta san wata sana'a ba sai ta ruwa da sabulu. Tun tana da ƙuruciya take yi wa mutane wanki a bakin rijiyar tsakar gidanta. Da shi ta yi jinyar mijinta har ya rasu, da shi ta aurar da 'ya'yanta. Hannuwanta sun zama kamar ɓawon itace, bakinta kuwa wanda bai shirya ba kada ya taɓo shi.

Ana nan aka kafa kamfanin rini a bayan katangarta. Suka saki ruwansu cikin kwatar da ta bi gindin katangar, baƙi ƙirin, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ya riƙa tsattsafowa cikin rijiya. Farar riga ta shiga baho ta fito kamar an goge tukunya da ita. Masu kawo wanki suka dinga zamewa, har matar tela da ke kiranta uwa.

Surukinta direba ne ya ba ta labarin ƙungiyar lauyoyi masu kare muhalli, wai duk shekara suna kafa rumfa su saurari talakawa kyauta. Inna ta yafa mayafi ta je. Aka haɗa ta da wata lauya siririya, ta sa mata suna 'Yar Tabarau. Yarinyar ta yi aiki, ba a ci haƙƙinta ba. Ta shigar da ƙara, lauyoyin kamfani suka rantse ruwansu tatacce ne, alƙali ya ce to zai zo ya gani da idonsa.

"Inna, kada kowa ya taɓa kwatar nan," in ji 'Yar Tabarau. "Ƙazantar ita ce shaidarmu."

"'Yata, ni da na sha warinta shekara da shekaru? Ko kaza ba za ta tona ba."

Ashe ƙungiyar tana da wata hidimar ta shekara-shekara, ta fita sharar unguwa. Masu shirya ta daban, masu zuwa kotu daban. Suna neman wurin da ya fi ko'ina ƙazanta, sai suka tuna hotunan kwatar Inna da 'Yar Tabarau ta nuna musu a wajen taronsu. Ba wanda ya ɗaga waya ya tambaye ta.

Inna ta kwana gidan 'yarta da ta haihu. Washegari tana shawo kwanar layinsu ta hango ƙarti da mata cikin korayen riguna, da shebur da dogayen takalma. Babbar mota tana fita shaƙe da baƙin taɓo. An wanke kwata tas, an shafa wa bakinta farar ƙasa, an jera 'yan itatuwa. Motar ma kamfanin ne ya ba su aro, ya kuma rufe bututunsa don kada ya ɓata wa baƙi aiki.

Shugaban ƙungiyar ya taro ta yana share gumi, mai hoto a bayansa.

"Mama, sannu da zuwa. Kin ga yadda muka gyara miki wuri?"

"Wa ya aiko ku?"

"Hidimar jama'a ce, Mama, kyauta muke yi."

"Na ga alama. Ɗana, kai ma lauya ne, ko dai rigar ka aro?"

"Ni ne shugabansu."

"To Allah ya ji ƙan na ƙasa. Ina shaidata? Ina kuka kai min ita?"

Ya waiga yana neman mai yi masa bayani. Wata ta miƙo wa Inna koriyar riga a leda.

"Riƙe abarki, in na wanke ta a rijiyata ba za ki gane ta ba. Duk garin nan ba ku ga bola ba sai tawa? Ku da bakinku kuka ce kada a taɓa, ku da hannunku kuka kwashe, har da kiran mai hoto."

'Yar Tabarau ta iso a kan babur, ta tsaya bakin kwata tana kallon farar ƙasar da aka shafa. Inna ta dube ta, ta fasa zagin da ta ɗauko.

Alƙali ya zo a ranar da ya sa. Ya ga kwata fes, ya yaba itatuwa. Aka ɗebo masa ruwan rijiya, lauyan kamfani ya ce ai tsohuwar rijiya ce, wa ya san abin da ke ƙarƙashinta. Alƙali ya ce bai ga abin da ya haɗa rijiyar da kamfani ba, in an sami sabuwar shaida a dawo.

"Sai mun jira ta sake taruwa, Inna," in ji 'Yar Tabarau, idonta a ƙasa.

"Ta taru. Ni kuma in ci me kafin nan? Itatuwan?"

Yanzu Inna ruwan 'yan garuwa take saye ta yi ɗan wankin da ya rage mata. Kamfani ya buɗe bututunsa, itatuwan sun bushe. In ta shanya kaya sai ta ja kujera zuwa bakin kwata da sanda a hannu, tana kallon baƙin taɓon yana hawa. Shekaranjiya wani maƙwabci ya fito da tsintsiya da kyakkyawar niyya, ta raka shi da sanda har ƙofar gidansa.