Fuskar da ke Saman Murhun Goggo Philomena

Goggo Philomena, ƙanwar kakata, ba ta yarda da kowa. Ko burodi ta saya sai ta jinjina shi a hannu tana hararar mai shagon. Aikin guga ta yi a garin Mechelen har ƙafafunta suka gaza. Abu ɗaya ta mallaka mai daraja: tsohon zanen wata mace mai farin wuyan riga, a kan katako, rataye saman murhun ɗumama ɗaki. Baƙo in ya cika kallonsa, sai ta canja masa kujera.

Da za a kai ta gidan tsofaffi, ɗanta Ludo ya ce a sayar da zanen. Ya kawo wata ma'aikaciyar gidan gwanjo daga birnin Antwerp, sunanta Hilde. Ina wurin, don ni ake kira duk lokacin da za a taɓa kayan dangi.

"Jakar nan ki bar ta a ƙofa," in ji Goggo. "Na san irinku. Ku shigo da wani, ku fita da nawa."

"Haba Inna," Ludo ya ce, "wa zai saci matar nan? Dubi hancinta fa."

"Irin naka ne. Rufe min baki."

Hilde ta juya katakon, ta nuna mana tambarin da aka ƙona a bayansa, ta ce na tsofaffin masassaƙan Antwerp ne. Ta tambayi daga ina ya fito.

"Daga bango," in ji Goggo.

Hilde ba ta yi dariya ba. Ta ja labule, ta haska zanen da wata fitila mai shuɗin haske. Riga da hannaye suka yi kore-kore, fuskar kuwa ta yi baƙi ƙirin.

"Rigar da hannayen aikin gwani ne na da," ta ce a hankali. "Amma wani ya zana fuska a kan fuska, kuma ba da daɗewa sosai ba. Wa ya taɓa shi?"

Ludo ya juyo. "Inna, kin sani? Shi ya sa ba kya bari a matso?"

Goggo ta murza zobenta.

"Babana ne. Allunan shaguna yake rubutawa. Da mahaifiyarmu ta rasu, hotunanta duk sun ƙone a yaƙi. Ya zauna ya zana ta a nan tun bai manta ba." Ta dubi Hilde. "In an saya, me za a yi mata?"

"Gaskiya, Goggo, wanke ta za a yi. Ta ƙasan ake nema."

"To ɗauki fitilarki, 'yar nan, ba na sayarwa. Kin sha kofi, ko?"

Ludo ya yi ta magiya har Hilde ta tafi, Goggo ko kallonsa ba ta yi ba. Da zanen ta tare a gidan tsofaffi, a kan cinyarta cikin mota.

Ranar Lahadi da na je, ta sa na zauna gaban zanen.

"In na mutu su wanke, ba ruwana. Amma ke ki kalle ta da kyau yanzu, don ki faɗa wa na baya." Ta rage murya. "Kuma in Ludo ya zo, kada ki bar shi shi kaɗai da ita."