Gawayin Yaya Lawal

Damina bakwai ke nan da rasuwar yayana Lawal, a ƙauyenmu da ke bayan Runka. Ciwon ciki ne ya ɗauke shi, a kan gadonsa. Lokacin mun sha kuka, yau kuwa har cewa muke ya yi sa'a.

Tela ne, ba malamin makaranta ba, sai dai ya yi sakandare a Safana. Duk yaron da aka ba aikin gida na Turanci, zaurensa yake nufa bayan la'asar. Ba ya ba da amsa a sauƙaƙe. In kalma ta gagari yaro, sai ya miƙa masa gawayi ya rubuta ta a bango, sannan su lalubo ma'anarta tare. Littafin adabi kuwa, sai ka ba shi labarin da Hausa tukuna, yana taka keke yana gyaɗa kai. Kafin damina ake yaɓe bangon, don haka kowa ke rige-rigen haddace nasa. Yakan ce, "Na bango na ruwan sama ne, na cikin kai shi ne naka." Na sha yi masa tsiya cewa ya mai da zaure allo.

Yanzu muna ɗakin haya a Batsari, tun da 'yan bindiga suka tashe mu. 'Yata Hadiza ta yi asarar shekara biyu ta karatu, ga jarrabawar gama sakandare a gabanta, kuma Turanci ne ke ka da ita. In an ba ta aiki, wayar maƙwabciya take ara ta kwafe amsa tsaf. Maki na zuwa. Amma ran nan na ce ta ba ni labarin littafin da suke karantawa, sai ta sunkuyar da kai. Tsoro ya kama ni, don kayan aro ba ya rufe katara. Da Yaya na nan, ina jin ba wayar zai zarga ba, mu zai tambaya ina muka kai haƙurin zama da yaro.

Wani da ya leƙa ƙauyen ya ce zauren ya zube.

Turancina bai wuce na aji shida na firamare ba, amma jiya na zaro gawayi daga murhu na miƙa wa Hadiza, na nuna mata bango. Ta ce, "Inna, ba fa gidanmu ba ne." Na ce ta rubuta, in mai gidan ya zo ni zan amsa. Iyakar gadon da Yaya ya bar mana ke nan. Kalma uku ta rubuta da ma'anarsu. Ta huɗun ba ta sani ba, ni ma haka. Muka tsaya muna kallon bangon, babu wanda za mu tambaya.