Gonar Da Na Hana Bini-da-zugu

Damina biyu bayan rasuwar uwata, kafin babban ruwan da ya ci gidajen bakin Binuwai, ma'aikatan gwamnati suka zo Jambutu da maganar bini-da-zugu. Wai za a matse 'ya'yansa a yi man mota, gwamnati kuma za ta saye duk abin da aka noma. Mu dai shinge muka san shi, ko akuya ba ta kallonsa.

Maigidana ya sa hannu, ya ba da gonarsa kaf. Saura tawa, wadda na gada wajen babana, inda nake dasa masakwa, dawar rani, in ruwan kogi ya janye. Ita ke riƙe da tukunyarmu har bazara.

Malamin gona ya zo har zaure da takarda.

"Dada, rabi-rabi ba ya shiga lissafi. Ko gona duka, ko a cire sunan gidanku."

Na ce, "Ɗana, in sun fasa saye, kai za ka ci shi ko ni?"

"Gwamnati ba ta fasawa."

"Na ga gwamnati nawa da idona? Kowacce da nata shirin."

Maigida ya ce na kunyata shi gaban baƙo. Daga ranar ya daina cin tuwona. Sai in kai kwano, a dawo mini da shi a rufe. Maƙwabciyata, malamar makaranta Kirista, ta ce in ɓoye irin masakwata a ɗakinta kada maigida ya rabar. Na kai. Kullum in na nufi gona sai na duba ko an haƙa ramukan bini-da-zugu. Amma na yi dashena.

Bini-da-zugun maigida ya yi 'ya'ya, aka cika buhuna, aka jingine a zaure. Sai aka canza manya a ofis. Sababbin suka ce yanzu rake da rogo ake so. Motar saye ba ta taɓa zuwa ba. Na ɗebi abin da zan iya na yi sabulu.

Ran nan na kai tuwon masakwa, kwano ya dawo wayam.

Shi ya riga mu, Allah ya jiƙansa. Malamin gona an ce yana unguwar Karewa, ido ya tafi. Malama tana Luggere wajen 'yarta. Sai ni, da gonata.