Hayaƙi a Hanyar Kalmalo

Da damina ne, bayan la'asar, na ɗauko Inna daga Kalmalo inda ta je gaisuwar rasuwa. Tun da muka hau hanya na ji motar ta yi nauyi, sitiyari yana fizgata zuwa dama. Ban gaya wa Inna ba don kada in tayar mata da hankali.

"Ƙaurin mi nika ji haka?" in ji Inna.

Kafin in ba ta amsa, sai ga hayaƙi yana tasowa daga tayar gaba, ta gefen da take zaune. Na tuna akwai jarkar fetur a but, can bayan motar. Na gangara gefen wata gonar gero na kashe mota. Inna tana fama da ciwon gwiwa, ba ta iya saurin tashi. Na zagaya na ciccibe ta, hayaƙin yana shiga idona, ita kuwa sai salati take yi. Na ajiye ta can gindin wata bishiyar bedi, na koma da gudu na fitar da jarkar.

Na kira yayana a waya, wanda ya daɗe yana tuƙi tsakanin Illela da Sakkwato.

"Kada ka zuba ruwa," ya ce. "Kai hannunka kusa da kowace taya, amma kada ka taɓa."

Uku lafiya lau. Ta huɗun kuwa zafinta ya bugi tafina tun daga nesa, ƙarfen ciki yana ƙas-ƙas. Na ja da baya, ina jiran wuta ta tashi.

Da ta ɗan huce, ya sa na ɗaga motar da jak na juya tayar. Ko motsi ba ta yi ba.

"Kalifa ce, abin da ke matse birki. Ta kama ta ƙi saki. Ka shiga ruwa da motar kwanan nan?"

Na tuna kwatamin da nake ratsawa kullum a bakin kasuwa.

Ya turo mana makanike a kan babur. Da ya kwance kalifar, tsatsa ce ta cinye cikin. Ya goge, ya shafa mai, ya ce motar za ta kai mu gida.

Inna ta ce ita kam ba ta sake shiga. Bayan makanike ta hau a kan babur, da gwiwar tata haka. Na bi su a hankali, gilashi a buɗe, ina shinshina iska duk lokacin da na taka birki.