Taraktar da Kawu Ya Jira

A shekarun saba'in, da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati ta tuna da manoma. Mutanen ƙauye shanun huɗa suke ta roƙo, amma aka zuba kuɗin a tarakta. Ofishinmu ya samu guda biyu, ɗaya ko wata uku ba ta yi ba ta kwanta. Ni kuwa sabon malamin gona ne, ina fita daga unguwarmu Kwarbai a cikin birni a kan babur, ina hura hanci sai ka ce ni na ƙera taraktar.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana noma a wani ƙauye bayan Kufena. Duk shekara gayya yake kira, a tuƙa tuwo, a yi masa huɗa rana ɗaya. Ni na hana shi, da wannan bakin nawa. Na ce, "Kawu, bana ka huta. Ruwan shuka na sauka za ka ji ƙarar tarakta a gonarka."

Ya ce, "To, ɗana, kai ka san aikinka." Ya sallami 'yan gayya, suka yi wa wasu alkawari.

Ruwa ya sauka. Washegari wani Alhaji, aminin mahaifina, ya tare ni a zaurenmu, wai gonarsa na jira. Gonar da sai ya shekara bai taka ta ba. Amma a birni wa ya isa ya ce wa aminin ubansa a'a? Na sunkuyar da kai na ce to. Daga gonarsa surukinsa ya ja taraktar, daga nan wani babba a ofis, har sati uku. Sau biyu Kawu ya tako birni nemana, na sa aka ce ba na nan. Wallahi ina ɗaki, ina jin muryarsa yana gaisawa da mahaifiyata.

Da ya gaji ya ɗauki garma shi kaɗai, ya shuka dawa a makare. Dawar ba ta yi ido ba ruwa ya ɗauke.

Da kaka na ci karo da shi a kasuwar birni wajen 'yan awo, mutumin da bai taɓa sayen hatsi ba. Ya yi sauri ya rufe ɗan buhun da ke hannunsa da gefen rigarsa. Na durƙusa na gaishe shi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai yi zancen tarakta ba. Ya ce, "Kada ka gaya wa Yaya ka gan ni a nan."

Har ta rasu ban gaya mata ba. Kuma ba don in rufa masa asiri na yi shirun ba, nawa nake rufewa.