Kwana Ukun Maccido a Turabulus

Maccido mai haƙar rijiya mutumin Galadi ne, ta ƙasar Shinkafi. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta karkace saboda jan igiya. Daga Katuru har Zurmi, in ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya sunsuna ya ce a haƙa nan, ba mai sake tambayarsa. Shekara talatin yana sana'ar, ba a taɓa ce masa ya rantse ba.

Ƙanensa Jibrin ya tafi Libiya neman aiki a shekarar da aka ba Zamfara jiha, ya bar matarsa Lubabatu da 'ya'ya biyu. Saƙo ya yi ta zuwa har shekara biyu, sai ya ɗauke ɗif. Daga baya wani direba ɗan Kaura Namoda ya dawo da labarin wai Jibrin ya faɗo daga saman gini a Turabulus. Ji ya yi, bai gani ba. Ba a shiga takaba da wai, ba a kuma ɗaura wani aure a kanta. Lubabatu ta zauna a tsakiya, ita ba matar aure ba, ita ba wadda miji ya mutu ba.

Wata safiya ta durƙusa bakin zauren Maccido, ta ce, "Yaya, ni dai a gaya mini abin da nike. In takaba ce in shiga. In jira ne in san jira nike."

Da bazarar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a Maccido ya naɗe buzunsa ya ɗauki buta, ya bi ta Maraɗi da Agadas, shi kaɗai. Kwana goma sha tara a saman kaya, kafin babbar mota ta sauke shi a Turabulus ranar wata Laraba.

Abin da ya fara gani shi ne tekun. Ya tsaya ya riƙe baki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana nutsewa gaba goma sha biyar don ya cika guga ɗaya, ga ruwa kwance har inda sama ta ƙare. Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya kamfata ya kai baki, ya tofar. Ya ce a ransa, duk yawan nan ba ya shayar da akuya guda. A bayansa Larabawa suna zaune kan rairayi ƙarƙashin laima, mata da lulluɓinsu, ana shan shayi da gyaɗa a ciki. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya dube shi. Iskar garin mai danshi ce, ga ƙarnin kifi. Rigar da ya wanke ta kwana ba ta bushe ba.

Ranar Alhamis ya yi ta bin gine-ginen bakin ruwa, duk baƙin mutumin da ya gani sai ya yi masa sallama da Hausa. Wajen la'asar aka nuna masa Namadi, wani mai shayi mutumin Maraɗi. Da jin sunan Jibrin na Galadi, Namadi ya sauke tukunya daga wuta.

"Mai wushirya? Allah shi jiƙan shi. Ni na yi mishi wanka, Baba, da hannun nan."

Bayan sallar Juma'a ya kai shi maƙabarta, can gefen da ake sa baƙi. Tudun ƙasa ne da guntun bulo, an rubuta lamba da jan fenti. Maccido ya durƙusa ya daɗe yana addu'a, ya juye ruwan butarsa a kai, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

Namadi ya ce, "Baba, ka tsaya a amso maka takardar asibiti. Kwana biyar ne ko shida."

"Takarda ta mi? Ga kabari na gani. Kai kuma musulmi ne, ka gaya mini."

"Baba, nan fa ba Galadi ba ne."

"To ai Galadi zan koma."

Gaskiyar magana garin ya ishe shi. Ba ya iya cin burodinsu, duk inda ya hango ɗan sanda gabansa ya faɗi, ga hadari ya fara haɗuwa a gida bai gyara gona ba. Asabar da asuba ya hau motar da za ta yi kudu.

Da ya iso Galadi aka yi kuka, aka dafa gumba, maƙwabta suka zo gaisuwa. Liman ya ce a fara zuwa gaban alƙali a Shinkafi, tun da yanzu komai a bisa ƙa'ida ake yin shi. Alƙalin ya san Maccido, har ya tambaye shi gajiyar hanya.

"Malam Maccido, ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba, Allah shi gafarta malam. An daɗe da rufe shi."

"Kabarin da suna?"

"Lamba ce."

"Wanda ya wanke shi yana ina?"

"Yana can yana dafa shayi."

Wani daga baya ya ja masa riga, ya raɗa masa ya ce kawai ya gani, kowa zai yarda. Maccido ya janye rigarsa. Alƙali ya ce ba ya tuhumar sa da ƙarya, amma abin da ya kawo labarin mutum ɗaya ne wanda ba ya nan. Sai shaidu biyu, ko takarda daga can. In babu, hukuncin matar wanda ya ɓace ne, shekara huɗu daga yau, sannan ta yi takaba.

Lubabatu tana zaune a ƙasa da mayafinta. Ba ta yi kuka ba. A bakin kotu ta ce, "Yaya, ka sha hanya. Allah shi saka." Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya aika wa Namadi saƙo har sau uku ta hannun direbobi. Na ukun ya dawo ya ce an kwashe baƙin unguwar an mayar da su ƙasashensu, ba a san inda mai shayin ya yi ba. Maccido ya so ya koma da kansa, ƙirjinsa ya hana, tari ya kama shi tun sanyin sahara. Duk kaka yana kai wa Lubabatu damin gero, ya ajiye a zaure ya juya kafin ta fito.

Saura wata bakwai wa'adin ya cika Allah ya karɓi ransa. Lubabatu ta zo gidan gaisuwa ta zauna kusa da matarsa Larai, ta taya ta kwance kitso na shiga takaba, ta shafa mata ruwa a kai. Da yamma ta koma ɗakinta ta ci gaba da jira.